Ɗan shekara uku da aikin gida: karatu ne ko wahala?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malaman da ke zauren nan ku ba ni shawara. Yarona shekararsa uku da rabi, yana naziri ɗaya. Kullum sai ya dawo da aikin gida, a rubuta 1 zuwa 50, a cika shafi guda da harafin A. Fensirin ma bai gama iya riƙewa ba, sai na kama hannunsa muna yi yana kuka, ƙarshe ni nake ƙarasawa da hannun hagu don kada antinsu ta gane. Maƙwabciyata kuma 'yarta tana wata makarantar da ba a ba su aikin gida sam, wai wasa da yashi da ruwa da jera katakai suke wuni yi, ga kuɗinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Ita tana ƙorafin ba a koya wa tata komai, ni ina ƙorafin an yi wa nawa yawa. Wace ce aka cuta a cikinmu?

Baban Khairat: Wa alaikumus salam. Maman Walid ki gode wa Allah kawai. Ni kuɗi na biya a koya wa 'yata karatu. In wasa ne ga ƙofar gida nan kyauta, har yashin gini an jibge mana a layi. Tawa tana naziri biyu, tana kawo jihohi 36 da manyan biranensu ba gargada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malama Mai Naziri: Baban Khairat, Allah ya raya ta. Amma in ka koma gida yau ka gwada min abu biyu. Ka zube dabino a gabanta ka ce ta ɗebo maka huɗu. Sannan ka tambaye ta a wace jiha take zaune. Ba gori nake yi ba, na sha ganin yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari amma in ka ce ya miƙo maka murafen lemo biyar sai ya damƙo cikin hannu ya ba ka. Bakinsa ya san lambobin, hannunsa da idonsa ba su san su ba.

Maman Walid, yaronki ba shi da laifi. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin da za su cika shafi ba. Abin da ke ƙarfafa su shi ne murza laka, yaga takarda, zura zare a cikin dutsen ado, ɓalle maɓalli da mayarwa, zane da yatsa a kan yashi. Wanda ya sha waɗannan, in lokacin fensir ya zo ba a shan wahala da shi.

Baban Khairat: To Malama, wato a zuba musu ido su yi abin da suka ga dama, ke kuma ki karɓi albashi a ƙarshen wata?

Malama Mai Naziri: Wallahi aikin ya ninka na mai tsayawa gaban allo tana cewa "ku maimaita". Kafin yara su iso na shimfiɗa tabarmi, na ware kusurwoyi: nan kanti ne da gwangwanayen madara da kwalayen ashana da kuɗin takarda da muka yanka, can laka, can littattafan hoto, can baho da ruwa da kofuna manya da ƙanana. Yaro ya zaɓi inda zai fara. Ni kuma ina zagayawa. In na tarar da mai tsiyaya ruwa sai in durƙusa in ce, kofi nawa na ƙaramin nan zai cika babban? Ya ce uku, mu gwada, ya ga biyar ne, ya ƙyalƙyale da dariya ya sake. Mai kanti in saya ashana biyu in ce ya ba ni canji. Dole in san cewa wance ta kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba, wane kuma yana kasa bambance ja da ruwan goro. Mai "ku maimaita" ba ta buƙatar sanin ko ɗaya daga cikin wannan, muddin ajin ya ɗauki amo shi ke nan.

Malam Na Kwaleji: Bari in sa baki, tunda abin da nake koya wa ɗaliban NCE ke nan. Mutane suna ɗauka wannan tsari na 'ya'yan masu kuɗi ne saboda irin makarantun da ke rubuta Montessori a jikin katangarsu. Asalinsa kuwa a unguwar talakawa ya fara. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya. A ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum, a cikin wani gidan haya na leburori. Iyaye suna fita aiki, yara suna gararamba suna ɓata bango, masu ginin suka ga gara a tara su a ɗaki ɗaya. Wadda aka fara ba wa kula da su ma ba ƙwararriyar malama ba ce, 'yar mai gadin ginin ce.

Abin da Montessori ta yi shi ne ta zauna ta lura da yaran. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayinsu, waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa. Ta sauko da kaya ƙasa inda hannunsu zai kai. Ta ba su aikin gaske: shara, wanke hannu, goge tebur, zuba abinci. Haruffa kuma ta yanka su da takarda mai kaushi irin ta goge katako, yaro yana bin siffar harafin da yatsa yana furta sautinsa. Yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar suka fara rubuta kalmomi a ƙasa da alli ba tare da an taɓa sa su cika shafi ba. Don haka Baban Khairat, ba a ce kada a koyi rubutu ba. Hanyar isa gare shi ce ta bambanta.

Sai dai Maman Walid ki gaya wa maƙwabciyarki ta buɗe ido ita ma. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a allon makarantarsa. Akwai inda za ki tarar da lilo da fenti mai kyau, cikin ajin kuwa babu wanda ya san me yake yi.

Malamin Gwamnati: Duk wannan zance ne mai daɗi a waya. Ku zo ajin share fage na makarantarmu ku gani. Yaran sun haura saba'in, malama ɗaya, daɓen ya farfashe, taga ba murfi. Wace kusurwa za ta ware? In ta durƙusa wajen mai tsiyaya ruwa, kafin ta ɗago an fasa wa wani baki a bayanta. "Ku maimaita" ɗin nan da kuke rainawa, da ita kaɗai ake iya riƙe taro irin wannan.

Malam Na Kwaleji: Gaskiyarka Malam, kuma ba zan yi maka musu ba. Abin takaicin shi ne a takarda an gama komai. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma malami ɗaya ga yara 25. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, bugun 2013 na manufar kuma ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Aka buɗe azuzuwan, ba a kawo malamai ba. Kuma ku da kanku kun san wa ake turawa can: malamar da ta kusa ritaya, ko wadda aka ga ba za ta iya da aji shida ba.

Malama Mai Naziri: Da yara saba'in ba wanda zai yi abin da nake yi, na yarda. Amma ko a nan akwai ɗan abin yi. A raba su gida huɗu, a fitar da rabi ƙarƙashin bishiya, a samu uwa ɗaya ko biyu daga unguwa suna taimakawa. Kayan kuwa ba sai an saya ba. Kara, tsakuwa, ƙwallon dabino, murafen kwalba, tsofaffin kwalaye. Carafke lissafi ce. 'Yar gala-gala tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya da jiran layinsa ya zo. Yaron da ya ƙera motar kara ya auna tsayi, ya daidaita tayoyi, ya gyara inda ya karkace, duk ba wanda ya ce masa darasi ne.

Alaramma: Ina ta karanta ku ina murmushi. Kun tafi har Italiya neman abin da ke zauren gidanku. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensa ya kai izu biyu. Malam yana biya wa kowa nasa shi kaɗai. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ba kuma a cewa shekara ta ƙare kowa ya wuce gaba ko ya iya ko bai iya ba. Manya suna biya wa ƙanana. Ba a taɓa cewa wane ne na ɗaya wane ne na talatin ba.

Anti Bilki: Allah ya gafarta Malam, ka manta da dorina.

Alaramma: Ban manta ba 'yata, kuma ba na kare ta a kan ƙaramin yaro. Salla da kanta, wadda ita ce ginshiƙi, sai a shekara bakwai aka ce a umarci yaro da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. To wane ne zai zo ya ce min dukan ɗan shekara uku a kan harafi addini ne?

Malam Na Kwaleji: Alaramma ya taɓo wuri mai muhimmanci. Bin kowane yaro a kan saurinsa da haɗa manya da ƙanana a wuri ɗaya, duka biyun suna cikin tsarin Montessori, inda 'yan shekara uku zuwa shida ke zama aji guda. Inda suka rabu shi ne zaɓi da taɓa abu da hannu da damar yin tambaya. Kuma an taɓa haɗa biyun. A Mombasa ta ƙasar Kenya, a 1986, al'ummar Musulmi tare da gidauniyar Aga Khan suka fara shirin azuzuwan ƙananan yara a cikin madarasoshi, ana koyar da addini da share fagen boko ta hanyar wasa, da kayan da aka haɗa a unguwa, malaman kuma matan unguwar ne da aka horar. Daga baya shirin ya kai Zanzibar da Uganda. Islamiyyunmu na safe da ɗakunansu ke zama a rufe za su iya irin wannan.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne harshe. Ta yaya za a ce yaro ne a tsakiyar karatu alhali da ya buɗe baki da Hausa sai a ce ya yi shiru? Ku can Turanci, mu nan Faransanci, ciwon ɗaya ne. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci tun 1973, amma har gobe uba ya fi jin daɗi ɗansa ya dawo yana rera waƙar da shi kansa bai san ma'anarta ba.

Malama Mai Naziri: Wannan ita ce ta fi ci min rai. Yaron da a gida ba ya rufe baki, tambaya kan tambaya, ya zo aji ya zama kurma. Ranar da na yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi na tsaya a tsakiya na ce, to me kuke gani Gizo zai yi? Sai da na rasa wanda zan saurara. Wannan musun da suke yi da juna shi ne tushen fahimtar karatu nan gaba. Kacici-kacici ma haka, da su "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto", suna wasa wa yaro kunne ya rarrabe sauti kafin ya ga harafi.

Malam Na Kwaleji: An ma gwada a ƙasar nan. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun fara gwaji a 1970, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Baban Khairat: To na ji tarihi. Hujja nake so. Wa ya bi yaran nan masu wasa har suka girma ya ga sun fi?

Malam Na Kwaleji: Akwai, amma zan faɗa maka har da inda hujjar take da rauni. A garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962, David Weikart ya ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa baƙaƙen fata, aka raba su biyu, kashi ɗaya suka shiga wani ajin share fage da ake kira Perry, sauran ba su shiga ba. A ajin, yaro ne ke faɗin abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya. Fifikon da suka nuna a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe bayan 'yan shekaru. Amma da aka bi su har suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Raunin shi ne yaran kaɗan ne, kuma an kashe kuɗi sosai: malama ɗaya ga yara biyar ko shida, ga ziyarar gida duk mako.

Ɗaya ɓangaren kuma jihar Tennessee ce. Masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun bi yara kusan 3,000 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Waɗanda suka samu gurbi a azuzuwan share fage na gwamnati sun shiga makaranta suna gaba a haruffa da lambobi. Ba a jima ba sauran suka kamo su. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna a aji shida sun koma baya da waɗanda ba su shiga ba, a jarrabawa da kuma ladabi. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, tana ganin yawan zaunar da yara ana yi musu bayani da jera su a layi yana cikin dalilai. Wannan fahimtarta ce, binciken bai yanke hukunci a kai ba. Abin da ya tabbata dai shi ne saurin iya A B C a shekara huɗu ba ya ba da tabbacin komai.

Malamin Gwamnati: Amma kada a wuce gona da iri. Mu ne muke karɓarsu a aji ɗaya. Yaro ba ya gano karatu da kansa yadda yake gano magana, sai an zauna an nuna masa wannan harafin ga sautinsa. Na ga waɗanda suka yi shekara uku a naziri mai tsada suka zo ba su san ba daga ta ba.

Malama Mai Naziri: Ban ƙi ba. 'Yan shekara biyar ina zama da su rukuni-rukuni kullum, ɗan lokaci kaɗan, muna sautin haruffa. Rigimata da a ɗauko aikin ɗan shekara shida a ɗora wa ɗan uku ce.

Hajiya Nima: Gaisuwa daga Ankara. Mu nan Gana shekara biyu na KG, wato ajin share fage, suna cikin karatun dole na gwamnati. An yi wani bincike a makarantu 240 na yankin Ankara a 2015 zuwa 2016, na gwamnati da masu zaman kansu, Sharon Wolf da abokan aikinta. Aka horar da malamai kan koyarwa da wasa da barin duka, yara suka amfana. A wasu makarantun kuma aka ƙara da tara iyaye ana nuna musu bidiyo don su fahimci sabon tsarin. Kun san me ya faru? A inda aka tara iyayen, ribar da yaran suka samu ta zube. Ni ban yi mamaki ba, don na san irinmu. Uwa tana ganin ɗanta yana wasa a makaranta sai hankalinta ya tashi.

Hajiya Mai Makaranta: Allah ya saka miki Hajiya, kin faɗi abin da nake ta jin nauyin faɗa. Ni ina da makaranta. Kuna tsammanin ban san ɗan shekara uku bai kamata ya yi aikin gida ba? Na sani sarai. Na taɓa dakatarwa a naziri ɗaya. Kafin zangon ya ƙare iyaye mata sun yi min layi a ofis, kowa da littafin ɗanta a hannu tana buɗe min shafukan da ba a rubuta komai ba. Wasu suka kwashe nasu suka kai makarantar bayan layinmu inda ake ba da littafi shida. Uba ba ya shiga aji, jaka yake buɗewa. In ya ga jan biro ya san kuɗinsa na aiki. Sannan a ƙarshen zango dole in rubuta wane ne na ɗaya wane ne na ashirin, a tsakanin yaran da wasunsu ba su daina fitsarin kwance ba. In ban rubuta ba a kira ni a waya.

Ga kuma bikin yaye 'yan naziri, da riga da hula da mai hoto. Iyaye za su biya wannan ba musu. Ka ce a ƙara kaɗan a kuɗin makaranta don a tura malamai horo ko a rage yawan yara a aji, sai ka ji ana Hajiya ta cika son kuɗi.

Anti Bilki: Hajiya ku ma ku faɗi nawa kuke biyan antocin. Ƙanwata ta yi aikin, albashinta ko kuɗin mota ba ya isa. Wadda ta gama sakandare jiya, tana jiran miji ko jarrabawar shiga jami'a, ita za a ce ta lura da halin kowane yaro?

Hajiya Mai Makaranta: Ba ƙarya kika yi ba. Wadda ta yi NCE a fannin ƙananan yara ba za ta zauna a kan abin da nake iya biya ba, in ta zauna ma da ta samu na gwamnati ta tafi. Abin da iyaye ke biya shi nake rabawa, bayan haya da man janareta da masu karɓar haraji kala-kala.

Baban Khairat: Malama, na yi gwajinki. Dabino huɗu ta ƙirgo daidai, har ta cinye ɗaya. Da na ce a wace jiha muke sai ta gyara tsayuwa, ta harɗe hannu, ta ce "Abia, Umuahia". Uwarta har da hawaye don dariya. Amma fa ba zan cire ta ba. Makarantar da nake so ta shiga aji ɗaya jarrabawa suke yi, rubutu da karatu, ba tsiyayar ruwa ba.

Malam Na Kwaleji: Nan ne igiyar ta ɗaure. Firamare mai suna tana tace yara da jarrabawa, naziri uku ta koma aji ɗaya, naziri ɗaya ta koma naziri uku. A Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare, mu kuma muna gasar wanda ɗansa zai gama sakandare yana sha huɗu.

Maman Walid: To ni yanzu me zan yi? Ba ni da kuɗin makarantar maƙwabciyata.

Malama Mai Naziri: Ki daina yi masa rubutun, don antin tana ganin shafi a cike sai ta ƙara. Ki je ki same ta cikin mutunci ki ce hannunsa bai kai ba, a rage. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji wata safiya. Ki duba muryar wa ta fi yawa, ta malama ko ta yara. Ki duba ko suna tashi daga benci, ko kaya suna inda hannunsu zai kai ko suna kulle a kabad, da abin da ake yi wa wanda ya yi kuka. A gida kuma ki bar shi ya taya ki tsince wake, ya jera cokula, ya raba wa 'yan uwansa ƙosai ɗai-ɗai. Da dare a yi tatsuniya.

Hajiya Mai Makaranta: Malama, in na sake gwada cire aikin gida a naziri ɗaya zango mai zuwa, za ki zo taron iyaye ki yi musu bayani? Ni in na faɗa cewa za su yi ina gudun sayen littafi ne.

Malama Mai Naziri: Zan zo, amma ba jawabi zan yi ba, kin ji abin da Hajiya Nima ta ce. Ki bar min aji ɗaya da yaran a ciki, iyayen su tsaya ta taga su kalla. Kuma sai iyaye maza sun zo, don su ne masu buɗe jaka.

Baban Khairat: In kuna son maza kada ku sa Asabar, muna kasuwa. Ku sa Lahadi bayan la'asar.